Tsohon ɗakin karatun garinmu: ta ina za mu fara farfaɗo da shi?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wanda hedikwatar wata ƙaramar hukuma ce a arewacin Najeriya. Muna da ɗakin karatu da aka gina tun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, amma ya shekara da shekaru a kulle. Wani ɗan garin mai hali ya yi alkawarin gyara ginin, wata ƙungiya kuma ta ce za ta aiko mana da littattafai kyauta. Waɗanne shirye-shirye ya kamata mu riƙa gudanarwa, da su wa za mu haɗa gwiwa, kuma yaya ake tafiyar da aikin yau da kullum?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan niyya. Ka jero tambayoyinka ne daga shirye-shirye zuwa abokan hulɗa sannan aikin yau da kullum, amma ka yi mini izini in faro daga ta ƙarshe, domin a tsawon shekarun da na yi ina aikin laburare ban taɓa ganin ɗakin karatun da ya mutu saboda ƙarancin shirye-shirye ba. Waɗanda na ga sun mutu, abin da ya kashe su shi ne ba a san wanda zai biya mai buɗe ƙofa ba, da wanda zai sayi sabon littafi, da wanda zai gyara kwanon rufi idan ya fara yoyo a shekara ta uku, lokacin da an manta da bikin buɗewa kuma manyan baƙi sun koma gidajensu.

Tarihin ɗakin naku ma zai nuna maka haka. Irin waɗannan ɗakunan karatu sun yaɗu a garuruwan Arewa a shekarun 1940, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnatin mulkin mallaka take son labarin yaƙi ya isa ga jama'a ta bakinta, kuma a cikinsu ne mutane da yawa suka fara ganin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a 1939. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda yake aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e da makarantu. A 1963 wani masanin laburare daga Yammacin Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto a kan bukatun laburare na Arewa, kuma daga cikin abubuwan da suka fi damun sa har da rashin horarrun ma'aikata. Bayan shekara biyar, a 1968, aka buɗe sashen koyar da ilimin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai kafin tsarin ya kafu, an raba Jihar Arewa gida shida a 1967, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, wadda ita ce uwar waɗannan ɗakuna. Idan ka duba Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999, inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, za ka tarar da kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta, amma ba za ka tarar da laburare da sunansa ba. Shi ya sa ɗakin karatu na gari ya zama maraya: ƙaramar hukuma tana ganin na jiha ne, jiha tana ganin na ƙaramar hukuma ne, gara kuma tana aikinta.

Saboda haka aikin farko da ke gabanku na takarda ne. Ku binciko wanda ya mallaki ginin da filinsa, ko ƙaramar hukuma ce ko hukumar laburare ta jiharku, sannan ku nemi a zauna a rubuta yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku, a fayyace abin da kowa ya ɗauka. Tsarin da na ga ya fi ɗorewa shi ne ƙaramar hukuma ta ɗauki albashin ma'aikaci da mai gadi, hukumar laburare ta jiha ta ɗauki horarwa da duba aiki da ba da aron littattafai daga rumbunta, ƙungiyarku kuma ta ɗauki sayen littattafai da ƙananan gyare-gyare. Maƙwabtanmu na Nijar suna da misalin da ya dace a duba, wato cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC, waɗanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta ƙirƙiro tsarinsu tun 1986. A wannan tsari gari ne yake ba da ɗaki da masu kula da shi, gwamnati ta sa ido, ƙungiyar kuma ta kawo littattafai da kayan aiki, kuma ana tsayar da rabon aikin ne kafin a kawo ko da littafi guda. Ƙofar da za ku bi ku shigar da laburaren cikin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ita ce ta ilimin manya, domin shi Jadawali na Huɗu ya ambaci hannun ƙaramar hukuma a ilimin firamare da na manya da na sana'a. Ku nace a ba shi layinsa na kansa a kasafin, komai ƙanƙantar kuɗin, domin abin da ba shi da layi a kasafi sai dai ya rayu da alfarmar shugaba mai ci, kuma shugabanni suna sauyawa.

Game da ma'aikaci, mutum guda mai albashi wanda ya san aikin ya fi muku masu sa kai goma. Idan akwai ɗan gari ko 'yar gari da ta yi difloma ko digiri a fannin laburare, a ɗauke ta. Idan babu, a zaɓi mai son karatu da haƙuri da yara, a tura shi laburaren jiha ya yi wata biyu ko uku yana koyon aiki a hannun ƙwararru. Abin da zan gargaɗe ku a kai shi ne kada ku yarda a mayar da wurin matattarar ma'aikatan da aka rasa yadda za a yi da su a sakatariya. Na taɓa ziyartar wani ɗakin karatu na tarar da wanda aka tura can a matsayin hukunci, ya kulle duka kabad-kabad ɗin littattafai, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, kuma a ganinsa yana tsare dukiyar hukuma ne. 'Yan bautar ƙasa suna da amfani ƙwarai wajen koyar da kwamfuta da karanta wa yara littafi, amma shekara guda suke yi su wuce, don haka kada a miƙa musu rajista da makulli.

Lokutan buɗewa kuma kada ku kwafo na sakatariya. Daga ƙarfe takwas zuwa huɗu ɗalibai suna makaranta, manomi yana gona, ɗan kasuwa yana rumfa, sai ku wayi gari ma'aikacinku yana zaune shi kaɗai. A yawancin garuruwanmu ɗakin karatu yana cika ne daga bayan La'asar zuwa Magariba, da bayan Isha'i idan akwai haske, da kuma ranakun Asabar da Lahadi. Ku lura da ranar kasuwar garinku, domin ita ce ranar da mutanen ƙauyukan kewaye suke shigowa, kuma ita ce ta fi dacewa da karɓar aro da mayarwa. Ku sauya jadawali da azumi da kuma tsakiyar damina. Duk lokacin da kuka tsayar, ku rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa, da boko da ajami, kuma ku cika shi, domin yaron da ya tako daga bayan gari sau biyu ya tarar da kwaɗo a ƙofa ba zai yi na uku ba.

Shi kuwa Alhajin da ya ɗauki nauyin gyara, ku same shi cikin ladabi ku nuna masa inda kuɗinsa zai fi amfani, tun ran gini tun ran zane. Rufi ne farko, domin ɗigon ruwa guda a kan kanta yana iya lalata littattafai masu yawa a damina guda. Sai tagogi masu shigar da iska da haske, da raga saboda sauro da tsuntsaye, da abin rufewa saboda ƙurar hunturu. Sai maganin gara a harsashin ginin, da kantocin ƙarfe maimakon na katako, a janye su kaɗan daga bango, kuma kada a ajiye littafi a ƙasa ko a cikin kwali. Sai banɗaki biyu, na maza da na mata, da ruwa da wurin alwala. Wannan abu ne da masu zanen gini sukan raina, alhali shi ne yake yanke hukuncin ko mace za ta iya zama awa biyu a wurin. Sai sola daidai ƙarfin fitilu da fanka da cajin waya, wadda ta fi janareto sauƙin riƙewa da rashin ƙara. Fenti mai tsada da tayil da doguwar katanga su zo daga baya. Idan zai yarda, mafi alherin abin da zai yi shi ne ya rage ƙawa, ya gina shago biyu ko uku a gefen filin da ke kallon titi, ya yi waƙafinsu ga laburaren, kuɗin hayarsu ya riƙa sayen littattafai da jaridu duk shekara. Wannan sadaka ce mai gudana a ma'anarta ta asali, kuma malaman garinku za su taya ku yi masa bayani.

Yanzu ga batun littattafan kyauta, wanda a nan ne na fi so in tsaya. Kada ku karɓi kwali ko guda sai kun ga jerin sunayen abin da ke ciki, kuma ku rubuta wa masu kyautar tun farko cewa kuna da ikon zaɓa da ikon mayarwa. Na sha buɗe irin waɗannan kwalaye in tarar da dokokin harajin wata ƙasa mai nisa, da littattafan kwamfuta da aka daina amfani da abin da suke koyarwa, da na aikin lambu a ƙasar da ƙanƙara take rufewa wata huɗu. Irin wannan kyauta tana cin kuɗin mota, tana cin lokacin ma'aikaci, tana cike kanta, sannan mafi muni tana sa shugaban ƙaramar hukuma ya leƙo ya ce ai laburare ya cika, babu bukatar saye. Ƙungiyoyin da suka san aikin, irin su Book Aid International ta Ingila, sababbin littattafai suke bayarwa, kuma ta hannun abokan hulɗarsu na cikin ƙasa, bisa bukatar da aka bayyana musu. Littafi ɗari biyar da mutanen garinku za su iya karantawa kuma suke so sun fi dubu biyar da za su zauna su sha ƙura.

Abin da ya kamata ku saya da kuɗinku, kashi mafi girma na Hausa ne. Ku nemi littattafan kamfanin ɗab'i na NNPC na Zariya da na sauran masu ɗab'i, ku shiga kasuwannin littattafai na Kano, ku haɗa da na addini da Larabci da Hausa da na ajami bisa shawarar malaman gari daga ɓangarori dabam-dabam, don kada ɗakin ya zama na ɗariƙa guda ko ƙungiya guda. Sai littattafan makaranta na manhajar da ake koyarwa yanzu, kwafi da yawa na Lissafi da Turanci da kimiyya, da tambayoyin jarrabawar da suka gabata, da ƙamus, da littattafan yara masu hotuna, da jarida aƙalla guda ta Hausa, kamar Aminiya, da guda ta Turanci. Na san za a yi gardama a kwamitinku a kan littattafan ƙagaggun labarai na Hausa, waɗanda wasu suke kira littattafan soyayya. Ra'ayina shi ne a saye su, a zaɓa da kyau, a bambanta na manya da na yara. Waɗannan littattafai su ne suka riƙe karatun Hausa a hannun mata da 'yan mata tun daga shekarun 1980, kuma wadda ta saba shigowa saboda labari ita ce gobe za ta ɗauki littafin kiwon lafiyar jariri da ke kusa da shi. Idan kuma kuka zo fitar da tsofaffin littattafan da suka ruɓe, ku ware masu ɗauke da ayoyi da sunan Allah a bi da su yadda malamai suka koyar, kada a haɗa su da shara.

Tsarin cikin gida ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Kowane littafi da ya shigo a rubuta shi a babbar rajistar shigowa, a ba shi lambarsa da ba za a sake ba wani ba, a rubuta ranar shigowa da mawallafi da inda ya fito da kuɗinsa, a buga masa hatimi a shafin farko da wani shafi na ciki da kuka zaɓa. Wajen jerawa a kanta, tsarin Dewey, wanda aka fara wallafawa a Amurka a 1876, shi ne mafi yawan laburarorin jama'a a Najeriya suke bi, kuma yana raba ilimi gida goma: likitanci yana 610, noma yana 630, Musulunci yana 297. Amma ku lura cewa an gina shi ne a kan idon wata al'umma dabam, shi ya sa ya ware wa addinin Kirista mafi yawan lambobin da ke tsakanin 200 da 289, ya matse Musulunci a lamba guda, adabin Hausa kuma ya tura shi can ƙarshen rukunin 800. Idan kuka bi shi ido rufe, littattafan da aka fi nema a garinku za su ɓuya a lungu. Ku ba su lambarsu yadda ƙa'ida ta ce, amma ku jera su a kantocin da ke kusa da ƙofa, da alama da Hausa. Manhajar kwamfuta ta sarrafa laburare, irin su Koha da ake samu kyauta, ku bar ta sai rajistar takarda ta zauna daram kuma wuta ta tabbata.

Batun aro shi ne inda kwamitoci da yawa suke tsorata, su ce a karanta a nan kawai. Idan kuka yi haka kun rufe wa matan aure da tsofaffi da mutanen ƙauye ƙofa. Ku ba da aro na mako biyu, littafi ɗaya ko biyu, ga wanda ya yi rajista da shaidar mai unguwa ko shugaban makaranta ko limami. A ƙaramin gari, inda kowa ya san gidan kowa, wannan shaida ta fi kuɗin ajiya ƙarfi. Shiga da zama a karanta ya zama kyauta ga kowa, kamar yadda sanarwar UNESCO a kan laburaren jama'a ta tsayar tun 1949 kuma aka sake jaddadawa a 1994. Littattafai za su ɓace, wannan babu makawa, kuma ya kamata a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a cire kuɗin kowane ɓataccen littafi daga albashin ma'aikaci ba matuƙar rajistarsa ta nuna wanda ya ara. Duk inda aka ɗora masa wannan nauyi, abin da yake yi shi ne ya kulle kabad, kuma ba za ka ga laifinsa ba. A yi ƙidayar littattafai sau ɗaya a shekara, a san abin da ya ɓace, a maye wanda ake nema.

Sai shirye-shirye. A shekarar farko ku ɗauki uku kawai ku riƙe su da kyau. Na farko na ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, waɗanda ko ba ku kira su ba za su zo saboda fitila da shiru. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yanzu akwai yaran karkara da ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsu yake taɓa kwamfuta. Ko da guda uku kuke da su, sa'a guda a mako ga kowane ɗalibi na tsawon wata biyu tana cire masa wannan fargaba. Na biyu na yara ne da safiyar Asabar: a karanta musu littafi da babbar murya, a gayyato tsohuwa mai tatsuniya, a yi kacici-kacici da karin magana, sannan a bar kowane yaro ya riƙe littafi da hannunsa ya juya shafi, ko da bai iya karatu ba tukuna. Kada a mayar da wannan sa'a aji, kuma kada bulala ta shigo.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne na manyan da suka koyi karatu da girma, musamman mata. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 aka gane cewa wanda ya gama ajin manya, idan bai sami abin karantawa ba, karatun yakan zube cikin ɗan lokaci, kuma saboda haka ne aka kafa hukumar NORLA a Zariya don ta wallafa ƙananan littattafai masu sauƙi. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, sauran jihohi ma suna da irinta, kuma kusan kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in wannan aiki. Ku neme shi, ku ba shi ɗaki ya riƙa yin ajinsa, ku kuma ku tanadi abin da ɗalibansa za su karanta bayan sun gama. Ku ware wa mata ranaku ko sa'o'i nasu, da mace mai kula da su. Waɗanda ba za su iya fitowa ba, ku dawo da tsohuwar dabarar akwatin littattafai ta Kaduna: akwati mai littafi talatin ko arba'in a kai makarantar Islamiyya ta matan aure, malamarsu ta riƙe rajista, a sauya shi duk wata. Haka nan kada ku manta da alarammomi da almajiran tsangaya. Mutumin da yake rubuta Alƙur'ani da ka, yake karanta ajami, ba jahili ba ne, kuma idan ya ga an tanadar masa kanta da tabarma zai shigo.

Sauran abubuwa suna iya biyowa baya ba tare da kashe kuɗi ba. Kafin faɗuwar damina ku gayyato malamin gona ya yi bayanin hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet da irin shukar da ya dace, ku kuma nemo takardun wayar da kan manoma daga cibiyar NAERLS da ke Zariya. Ma'aikatan asibitin gari su zo su yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro da rigakafi. Ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, da ranar yaƙi da jahilci, 8 ga Satumba, sun isa bukukuwa. Akwai kuma aikin da babu mai yi wa garinku shi idan ba ku ba, wato tattara tarihinsa: jerin hakimai da limamai, da waƙoƙin makaɗan gari, da tsofaffin hotuna, da hirar dattawa da za a naɗa ko da waya ce. Rubuce-rubucen hannu da ke gidajen malamai kada ku karɓe su, domin ba ku da wurin adana su kuma gadon mutane ne. Ku nemi izini ku ɗauki hotonsu, ku tuntuɓi masana na Gidan Arewa a Kaduna ko na sassan tarihi da Larabci na jami'ar da ta fi kusa da ku.

Dangane da abokan hulɗa, ƙa'idata ita ce ku san bukatarku kafin ku buga ƙofar kowa, kuma ku tambayi kowane mai kawo tallafi abin da zai faru ranar da tallafin ya ƙare. Haɗin gwiwa mai kyau yana yiwuwa. A Kano, Laburaren Murtala Muhammed ya ba ofishin jakadancin Amurka wuri inda aka buɗe American Corner, wato sashen karatu da bayanai kan Amurka, kowane ɓangare da nasa nauyin. Amma ku san ƙofar da za ta buɗe da wadda ba za ta buɗe ba. Asusun TETFund na manyan makarantun gwamnati ne, don haka kada ku ɓata takarda. Hukumar ilimin matakin farko ta jiharku, wato SUBEB, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma su ne hanyarku zuwa makarantun firamare, inda za a iya tsara wa kowane aji ranar ziyara. Asusun USPF da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC ya sha kafa cibiyoyin kwamfuta a makarantu da garuruwa, haka ma hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA, kuma ɗan majalisarku zai iya bin muku sawu. Sai dai duk wanda zai kawo kwamfuta, ku tambaye shi wa zai biya kuɗin intanet bayan shekarar farko, wa zai sauya batirin sola, wa zai gyara idan ta lalace. Na ga ɗakuna cike da kwamfutoci an lulluɓe su da leda saboda ba a yi waɗannan tambayoyi ba. Idan intanet ya gagara, akwai manhajar Kiwix da take ba da damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da an haɗa da layi ba.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka ku karanta sharuɗɗa kafin ku sa hannu. Kada ku yarda ɗakin ya zama ofishin jam'iyya ko wurin taron yaƙin neman zaɓe, ko da wanda ya nema shi ne ya sayi kujerun, domin ranar da gwamnati ta sauya sababbin masu mulki za su ɗauke shi a matsayin kayan abokan hamayya. Garkuwarku a nan ita ce kwamiti mai faɗi: hakimi ko wakilinsa a matsayin uba, da wakilin ƙaramar hukuma, da malamin makaranta, da limami, da wakilin Kiristocin gari idan akwai, da mata aƙalla biyu, da matashi. Ƙungiyarku ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC idan ba ta yi ba, a buɗe wa laburaren asusun banki nasa da masu sa hannu biyu, domin babu wata ƙungiyar kirki da za ta zuba kuɗi a asusun mutum guda. Ma'aikaci kuma ya riƙa rubuta adadin masu shigowa kullum, maza da mata da yara, da adadin aro, tare da wani littafi na musamman da zai riƙa rubuta duk abin da aka zo nema ba a samu ba. Wannan littafin shi ne zai gaya muku abin da za ku saya a shekara mai zuwa, kuma shi za ku ajiye a gaban shugaban ƙaramar hukuma duk wata uku.

Bikin buɗewa ku jinkirta shi har sai ɗakin ya yi wata uku yana aiki, yadda baƙi za su tarar da yara a zaune da rajista mai sunaye. Kafin magina su shiga kuma, Malam Sakatare, ka je da kanka tare da dattijo guda da ya san wurin, ku buɗe kabad-kabad ɗin a hankali, da tsumma a hanci saboda ƙura, da sanda saboda kunama. Idan kuka tarar da tsohuwar rajistar En'e, ko ɗaurin tsofaffin jaridun Gaskiya, ko ƙananan littattafan NORLA, ku kaɗe su da busasshen burushi, ku shanya su a inuwa, ku naɗe su a tsabtatacciyar takarda, ku kai su gidan hakimi a ajiye har a gama aiki, domin leburori sukan ɗauki irin waɗannan takardu su hura wutar dafa abinci da su.